Ka tsinci dutse mai ƙyalli? Ga yadda zaka gwada shi kafin ka fara lissafin kuɗi

Shekaranjiya bayan la'asar ƙanina ya shigo da wani dutse ƙunshe a leda yana ta rawar kai, wai yaya wallahi azurfa ce, a bayan gonar baffa ya tono. Mu nan yankin Doguwa tunda duwatsun Riruwai na da kuza da tutiya, duk abinda yayi walƙiya sai a ɗauka arziki ne. Nace masa zauna tukun, ɗauko wuƙa da guduma da fasasshen tayil.

Ka fara da jinjina shi a hannu. In yayi nauyi fiye da girmansa, kusan ninki uku na dutsen banza, launinsa toka-toka mai sheƙi, toh ka kwankwashe shi da guduma ka gani. In ya farfashe ƙanana masu kusurwa huɗu kamar dunƙulen magi, wuƙa ta karce shi ba wahala, ka goga a bayan tayil ya bar layi mai duhu kamar na fensir, wannan dutsen tozali ne irin na kwallin iyayenmu, masana suna ce masa galena. Dalma ce asalinsa, amma kar ka raina shi don a cikinsa azurfa tafi son ɓuya, sai dai ido baya ganinta, ƙila a tan guda baza ta cika tafin hannu ba.

Mai ruwan ɗorawa da wuƙa bata kama shi kuma yana tartsatsi in ka buga da ƙarfe, ba zinare bane, ka manta dashi. Wanda ke ɓarewa kamar ɓawon albasa shima haka. Kuza kuwa baƙi-baƙi ce ko ƙasa-ƙasa, ga nauyi ga tauri, layinta a tayil fari-fari. Tsantsar azurfa in ka dake ta bajewa take bata fashewa, kuma samunta haka a ƙasa ba ƙaramin dace bane.

Sai ka koma inda aka tono ka duba, tsintuwa ce ko jijiya? Wannan shine maganar gaba ɗaya. Akwai wani dutse a ƙasar Bolibiya, Cerro Rico, kusa da birnin Potosi, tsayinsa ya kusa mita 4,800, asalinsa aman wuta ne, ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagogin dutsen daga ƙasa ya bar ma'adinai a jere kamar jijiyoyi, sama azurfa, in aka nutsa kuma kuza tafi yawa. Tun 1545 Turawan Sifen suka fara haƙarsa, suka riƙa tilasta ƴan asalin ƙasar shiga rami, ana tace azurfar da zaiba, mutane suka mutu ba adadi har ana ce masa dutse mai cin mutane, yanzu ma ƙololuwarsa ruftawa take saboda ramuka. Riruwai ma tushen tsohon dutsen aman wuta ne, shi yasa kuzarta take bin jijiya. Don haka ka nemi farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da ya ratsa cikin babban dutse, ka bi shi ka ga ina ya nufa.

Abinda bazan yarda dashi ba shine a kai shi gida a daka a turmi ko a narka a murhu. A 2010 a Zamfara yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Ka gama taɓawa ka wanke hannu da sabulu, kayan da ka saka kar su haɗu da na yara.

Sanin ko akwai azurfa da yawanta sai a lab, hukumar binciken ƙasa ta tarayya tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Ka ɗebo daga wurare daban-daban, kar ka zaɓi masu kyan kaɗai ka yaudari kanka, kuma kar ka saida wa dillalin da yazo da kuɗi a hannu yana gaggawa. Haƙa kuma sai da lasisi daga Abuja, ko da gonar gado ce.

Na ƙanin nawa tozali ya fito. Yana cikin gwangwani a saman katanga inda yara basa kaiwa, sai ran da wani zai shiga Kaduna.