Yadda ake haɗa hoton gilashi na bangon tashar jirgi

Hotunan mutanen da Vik Muniz, mai fasaha ɗan Brazil, ya tsara a tashar jirgin ƙasa ta titi na 72 a birnin New York, wadda aka buɗe a 2017, a Jamus aka jera gilasansu, a kamfanin Franz Mayer na Munich, sannan aka kawo aka liƙa. Aikin bangon tasha a kan tebur ake yinsa, a kife, ni ma hanyar da nake bi ke nan.

Ka samu takarda mai kauri irin ta buhun siminti, ka zana hoton a juye, dama ta koma hagu. In akwai rubutu, ka duba shi a madubi tukuna. Sai ka dama fulawa da ruwa, ka ɗora a wuta har ta yi kauri, da ita za ka liƙa gilasan a jikin takardar. Kada ka sa gam mai ƙarfi, don daga baya ruwa ne zai saki takardar.

Gilashin da na fi so shi ne smalti, wanda gidan Orsoni ke narkawa a Venis tun 1888. Launinsa har cikin jikinsa yake, wanki ba ya kodar da shi. Da guduma mai baki ake sara shi a kan kaifin ƙarfe. Sa tabarau, ɓarɓashinsa na tsalle.

Wajen jerawa ne ake gane gwani. Kowane gutsure fuskarsa ƙasa, a kan takarda. Fara da ido da baki, sannan layukan su bi zagayen kumatu da naɗin riga, kada su miƙe sambal kamar tayil ɗin banɗaki. Fasinja a guje yake, daga nesa zai hango, saboda haka ka riƙa hawa kujera kana duban aikin daga sama. Launuka biyun da suka bambanta a tafin hannu sukan narke su zama ɗaya daga can.

In ka gama, yanka takardar gida-gida ta bin layukan zanen don mahaɗa ta ɓace, ka sa wa kowane yanki lamba. Shafa simintin tayil a bango, danna yankin da katako, takarda na waje. Da simintin ya fara kamawa, jiƙa takardar da soso, ka ɓare ta a hankali, ka gyara wanda ya goce tun da sauran laushi. Bayan ya bushe ka cike tsakankanin, ka goge. Sai ka bi bangon da tafin hannu: duk inda ya karce ka, zai yanki yatsan yaro, ka goge kaifin da dutsen wasa wuƙa.