Darasi na 7: Wa Ke Yanke Farashin Gumin Manomi?

Karanta wannan a hankali, sannan ku tattauna a aji.

Idan albasa ta fito a Aliero, kasuwa kan cika da buhuna tun da sassafe. 'Yan sari suna zagayawa, dillali yana kai-komo. Manomi na so ya jira farashi ya tashi, amma albasa ba ta jira, mai binsa bashi ma ba ya jira. Haka mai shanshera yake fama a fadamar Argungu, haka matan da ke tsintar kaɗanya a ƙasar Zuru.

Da yawa sun sayar da amfaninsu tun kafin su shuka. Lokacin sayen taki da man injin ban ruwa babu kuɗi a hannu, sai a je wurin mai kuɗi a karɓi ba da kaka. Shi zai faɗi buhu nawa za a kawo masa, kuma sau da yawa ba a rubuta komai. Ranar biya, in gardama ta tashi, maganar mai kuɗi ce ke ci.

Ciniki na adalci

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A 1988 aka fara sayar da gahawar ƙananan manoman Meziko a ƙasar Holan da wani tambari na musamman. Daga nan aka kafa ƙungiyar Fairtrade, wato ciniki na adalci, a 1997, hedikwatarta tana Bon, a Jamus. Tsarinta yana da ƙafa biyu. Na farko, akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi, ko kasuwa ta faɗi. Na biyu, mai saye yana ƙara wani kuɗi a kan farashin, wanda ke shiga asusun ƙungiyar manoman. Manoma ne za su zauna su yanke abin da za a yi da shi: rijiya, aji, ko ɗakin ajiya.

Amma fa ƙaramin manomi ba ya shiga shi kaɗai, sai ta ƙungiyar gama kai. A Gana, manoman koko sun kafa Kuapa Kokoo a 1993. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fara gyarawa shi ne sikeli, domin a wurin awo ake cutarsu. Daga baya har suka mallaki hannun jari a kamfanin cakulan na Divine a Ingila.

Kada mu ruɗi kanmu. Wannan tambari ya fi aiki a kan kayan da ake fitarwa Turai da Amurka, irin su gahawa, koko da ayaba. Shinkafarmu da albasarmu a cikin gida ake cin su. Abin da za mu ɗauka shi ne dabarar: a sayar tare, a auna da sikelin ƙungiya, a rubuta.

Bashin da ba ya shaƙe wuya

A 1976 Muhammad Yunus na Bangaladash ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra, don su kuɓuta daga masu ba da bashi da ruwa. Daga nan bankin Grameen, mai ba talakawa ƙaramin rance ba tare da jingina ba, ya samo asali. Matanmu ba baƙi ba ne a wannan fage, domin uwar adashe ta daɗe tana riƙe amana ba tare da jingina ba.

Ga mai gudun riba, bankin Jaiz ya fara aiki a Najeriya a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba. Shari'a kuma ta halatta cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi amfani daga baya. Sharaɗin shi ne a san ma'auni, a san irin kayan, a san ranar bayarwa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi. To, wanda bai iya karatu ba, yaya zai san abin da ya dangwala wa yatsa?

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, wato shirin ba ƙananan manoma rancen noma, a Nuwamban 2015. Shinkafa ta ƙaru, ba shakka. Sai dai wasu sun ɗauki bashin tamkar rabon gwamnati, suka ƙi biya. Adalcin da muke nema daga mai saye, shi ma mai ba da rance yana da haƙƙinsa a kanmu.

Aikin aji

A ce an ba manomi naira 60,000 da damina, ya biya da buhu 3 na shanshera da kaka. A ranar, ana sayar da buhu ɗaya naira 35,000. Nawa ne kuɗin buhunan? Nawa ya tafi a kan abin da ya karɓa?

Rubuta takardar bashi a littafinka. Ka sa sunan mai bayarwa, sunan mai karɓa, adadin kuɗi, yawan buhu, ranar biya da shaidu biyu. Ka ba na kusa da kai ya karanta da ƙarfi.