Yadda za ku koya wa yara lissafi da kimiyya da mudu, zoɓo da inuwar sanda

Yaro ɗan aji huɗu zai rera maka "biyu sau biyu huɗu" har zuwa sha biyu sau sha biyu ba tuntuɓe. Amma ka aike shi kasuwar Jega da naira 2,000 ya sayo albasar 700 da barkonon 450, sai ka ga ya tsaya yana jiran mai kaya ya faɗa masa canjinsa. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Hadda aka yi ta ɗora masa, ba a taɓa danƙa masa lissafin a hannu ya juya shi ba. Gyaran wannan yana cikin tsakar gidanmu, kuma ba ya cin kuɗi.

Ku fara da tara kaya a kwali ɗaya: tsohon littafin rubutu da fensir, mudu, gwangwanin madara biyu ko uku, gorunan roba da aka shanye ruwansu, kofuna masu nuna abin da ke ciki, igiya, da sanda miƙaƙƙiya. Littafin nan na yaron ne shi kaɗai, ya rubuta sunansa a bango.

Kafin a taɓa komai akwai ƙa'ida guda da nake roƙon iyaye su riƙe, don ita ce ta fi wuya: kada ku faɗi amsa. Ku yi tambaya, yaro ya canka, ya rubuta abin da ya canka, sannan a gwada, a rubuta abin da ya fito kusa da shi. In cankarsa ta kuskure, ba zagi, ba dariyar yayye. Yaron da aka ce wa "kai dai ba ka da kai" sau biyu ba zai sake buɗe baki ba, kuma daga nan karatun ya mutu.

Mudu da gwangwani

Wannan ya dace da ɗan shekara biyar zuwa sama. A shimfiɗa tabarma ko faifai, a kawo shinkafa ko gero. In babu na taɓawa, yashi ma ya isa. Ki tambaye shi: gwangwani nawa zai cika mudun nan? Ya canka, ya zuba yana ƙirgawa da baki. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka amsar gidanku ba lallai ta zo ɗaya da ta maƙwabta ba, kuma wannan kansa abin tattaunawa ne: me ya sa a makaranta ake awo da lita da kilo, waɗanda na Yauri da na Zuru duk ɗaya ne?

A ce ya samu gwangwani 8. To rabin mudu nawa ke nan? Kwata fa? In Inna tana dafa gwangwani 6 kowace rana, mudu uku zai kai kwana nawa? Ya kasa hatsin kashi-kashi a kan tabarma har ya ga kwana huɗun da idonsa. Ya yi sau, ya yi rabawa, ya taɓa rabi da kwata, alhali shi a ganinsa wasa yake. Daga baya ku sa shi ya auna mudun da aka tula da wanda aka shafe bakinsa, ya faɗi bambancin da gwangwani. Yarinyar da ta yi wannan ba a cika cutar ta a wurin awo ba.

Ga manyan yara sai a ƙara ma'auni. A ɗaure igiya a tsakiyar sanda daidai, a rataya gwangwani ɗaya a kowane gefe, a gyara har sandar ta tsaya a kwance. A cika ɗaya da shinkafa shanshera, ɗayan da gyararriya. Cikar ɗaya ce, amma gefen gyararriyar zai rinjaya, saboda ɓawon shanshera yana cin wuri ba ya da nauyi. Nan ne yaro zai fara raba yawan abu da nauyinsa, abin da ke rikita ɗalibai har a sakandare.

Zoɓo mai canza launi

A cikin duk gwaje-gwajen nan babu wanda ke sa yara ihu kamar wannan. A jiƙa zoɓo ɗan kaɗan a ruwan zafi, ba sukari ba kayan ƙamshi, babba ne zai riƙe tukunyar. In ya huce a tace, a sirka shi da ruwa har ya zama ana hango haske ta cikinsa; in ya yi kauri ba za a ga canjin sosai ba. A raba a kofi huɗu. Na farko a bar shi yadda yake, shi ne shaida, da shi za a riƙa kwatanta sauran. Na biyu a matsa lemun tsami. Na uku a ɗiga ruwan kanwa. Na huɗu ruwan toka da aka tace.

Mai lemun tsami zai ƙara ja ya yi haske. Mai kanwa da mai toka za su juye su yi duhu, su karkata zuwa kore ko shuɗi-shuɗi. Dalili shi ne sinadarin da ke ba zoɓo launinsa yana sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi: masu tsami, waɗanda littafin makaranta ke kira asid, suna ja da shi gefe ɗaya, dangin kanwa kuma, wato alkali, suna ja da shi ɗaya gefen. Yanzu ki ce masa ya riƙa matsa lemun tsami a kofin kanwar ɗigo-ɗigo yana juyawa. Zai ga ƴan kumfa sun taso, jan yana dawowa. Ya ga tsami da kanwa suna kashe ƙarfin juna, abin da mata suka daɗe suna yi a madafi in miyar yakuwa ta yi tsami suka jefa ƴar kanwa.

Daga nan a sake shi ya nemo nasa: ruwan tsamiya, tsamin gari, ruwan sabulu, nono, gishiri. Ya ja layi biyu a littafinsa, ya jera kowanne inda ya faɗa. Gishiri ba zai canza komai ba, sai ya ja layi na uku. Amma ruwan batir, sodar haɗa sabulu da ruwan bilic kada su matso wurin nan ko da wasa, kuma abin da aka yi gwaji da shi ba a sha.

Inuwar sanda

A kafa sanda tsaye a fili inda rana ke samu tun safe. Duk bayan awa ɗaya yaro ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar, ya auna tsawonta da tafin ƙafarsa. Inuwar za ta yi ta raguwa har ta kai gajartarta, sannan ta fara ƙaruwa ta nufi gabas. Wannan juyin shi ne zawali, shigar lokacin azahar, kuma da irin wannan awon malamanmu suka riƙa gane azahar da la'asar tun ba a san agogo ba. Zai lura cewa ba ƙarfe sha biyu daidai abin ke faruwa ba. A Birnin Kebbi yana faɗowa ne tsakanin kusan sha biyu da rabi da ƙarfe ɗaya, saboda muna can yammacin ƙasa, rana tana riga isa Maiduguri kafin ta iso mu.

Akwai wani abin da ya cancanci a jira shi. Wajen 23 ga Afrilu, da kuma wajen 20 ga Agusta, rana tana bi ta saman kanmu sak a yankin Birnin Kebbi da Argungu, inuwar sandar ta kusa ɓacewa ƙarƙashinta da tsakar rana. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take kallo, sauran watanni kuwa arewa. A gargaɗe shi dai kada ya ɗaga ido ya kalli ranar.

Da sandar nan kuma zai auna bishiyar da ba zai iya hawa ba. Ya jira lokacin da inuwar sanda ta yi daidai da tsawon sandar, ya ruga ya auna inuwar dogon yaron ƙofar gida. Abin da ya samu shi ne tsawon bishiyar. Ɗan aji shida ba sai ya jira ba: in sanda mita 1 ta ba da inuwa mita 2, inuwar bishiya kuma mita 16, to bishiyar mita 8 ce.

Gora da randa

Duk yaron da ya taɓa ganin masunta sun faɗa kogin Matan Fada na Argungu da gora da homa ya san gora tana ɗaukar ƙato. A baho za a gwada, ba a gulbi ba, babba na tsaye. A ɗora ƙoƙo da ƙwarya a kan ruwa, a riƙa jefa tsakuwa ana ƙirgawa har kowanne ya nutse. Sai tambaya: cokalin ƙarfe yana nutsewa, kwanon ƙarfe da ya fi shi nauyi yana yawo, me ya kawo haka? Ku bar shi ya kwana da ita.

Na randa kuwa, a cika gorunan roba biyu da ruwa ɗaya, a naɗe guda da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Bayan awa biyu ya taɓa ya ji. Ruwan da ke bushewa daga tsumman yana tafiya da zafi, yadda randa ke yi da raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A maimaita gwajin da bazara da kuma tsakiyar damina, za a ga na bazara ya fi sanyi.

In shuka ta kusa, ku ba shi aikin da zai amfani gidan da gaske. Ya ƙirgo ƙwayar wake 20 daga irin da aka ajiye, ya jera a jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe, ya riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har mako ya zagayo. In 17 suka tsiro, ya ninka sau biyar: kashi 85 cikin 100 ke nan, irin yana da kyau. In 10 ne kawai, ya je ya gaya wa Baba a nemi wani iri kafin ruwa ya sauka.