Yadda Ake Gano Lokacin da Yanayi Ya Sauya Farat Ɗaya a Zamanin Ƙanƙara

Wanda ke son sanin lokacin da yanayi ya juya a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wato lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe manyan sassan duniya, sai ya fara da ƙirga shimfiɗun shekara-shekara a sandar ƙanƙarar da aka haƙo daga Girinlan, domin ƙura da sinadaran da ke sauka a kowane lokaci na shekara suna barin alama. Da irin wannan ƙirga aka koma baya har shekaru 60,000, kodayake kuskure na taruwa yayin da ake nutsawa ƙasa.

Daga nan a auna nau'in oksijin mai nauyi, wato oksijin-18, wanda ke ƙaruwa a cikin ƙanƙarar idan an yi ɗumi. Zai nuna sauye-sauye kusan 25 da ake kira na Dansgaard da Oeschger (sunayen masana kimiyya biyu), inda zafi ya tashi cikin shekaru 'yan gomomi.

Wurin da ya fi buƙatar hattara shi ne kwatanta Girinlan da Antatika. A yi amfani da iskar methane da ke maƙale cikin kumfar ƙanƙara, tunda tana gauraya a sararin duniya baki ɗaya, don haka hawa da saukarta na bayyana kusan lokaci ɗaya a ƙanƙarar wuraren biyu. Amma kada a manta iskar ta fi ƙanƙarar da ke kewaye da ita ƙuruciya, saboda kumfar ba ta rufewa sai dusar ƙanƙara ta danne ta a zurfin mita da dama. Dole a cire wannan tazara. Da aka yi haka a wani binciken ƙanƙarar Yammacin Antatika na 2015, an ga sauyin yanayi a Antatika yana biyo bayan na Girinlan da kimanin shekaru 200. Tokar aman wuta, inda aka same ta, tana ƙara tabbatar da lissafin.