Yadda ake kama gidan haya da inshora maimakon ajiye kuɗin ɓarna

Mai neman haya a Badariya ko Gesse cikin Birnin Kebbi yakan biya kuɗin shekara dunƙule, ya ba dillali la'adarsa, sannan wasu masu gida su ce sai ya ajiye wani abu saboda ɓarna. Wannan ajiyar ce ake iya maye gurbinta da takardar lamuni daga kamfanin inshora.

A Ingila tsarin ya yi ƙarfi. Dokar 2019 ta hana karɓar ajiyar da ta wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, kamfanoni kuma na karɓar kimanin hayar mako 1 su tsaya wa ɗan haya. Abin da mutane ke kasa ganewa shi ne wannan kuɗin ba ya dawowa, kuma bai wanke ɗan haya ba. In ya yi ɓarna, kamfani zai biya mai gida, ya juyo ya bi ɗan hayar bashi.

Saboda haka fara da lissafi. A ce ajiyar naira 60,000 ce, kamfani kuma ya nemi 12,000 duk shekara. Wanda zai yi shekara ɗaya ko biyu, kamar ɗalibi ko ma'aikacin da ake yawan sauya wa wurin aiki, ya samu sauƙi. Wanda zai zauna shekara 6 kuwa ya biya 72,000 da ba zai sake gani ba. Gara masa ajiyar.

In lissafin ya yi maka, tabbatar kamfanin na da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Mai gudun shubuha ya nemi na takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Noor Takaful ko Jaiz Takaful, inda kuɗin ke shiga asusun taimakon juna. Ka tambaye su kai tsaye ko suna bayar da lamunin haya, domin inshorar gobara da ambaliya daban take: ginin take karewa, ba ta biyan bashin ɗan haya. Takardar ta nuna sunan mai gida a matsayin wanda za a biya, iyakar kuɗin, ranar farawa da ranar ƙarewa. A dokar inshora ta Najeriya, in ba a biya kuɗi ba babu kariya, don haka mai gida ya ga rasit kafin ya miƙa makulli.

Ranar shiga gida ita ce ranar da ake cin shari'a ko a faɗi. Ku zaga tare da mai gida, ɗaki bayan ɗaki, a rubuta adadin fankoki, makullai, gilasan taga, famfuna, tankin ruwa da injin rijiyar burtsatse in akwai. A kunna kowanne a gani. A ɗauki hoto mai kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Kar a manta da mita: a rubuta lambarta da bashin Kaduna Electric da ke kanta, don tsohon bashin wuta ya fi fasasshen gilashi haddasa rigima. A kuma bambance tsufa da ɓarna a rubuce. Fentin da rana ta koɗar, ko silin da ya jiƙe saboda kwano na yoyo da damina, na mai gida ne. Ƙofar da aka ɓalle ta ɗan haya ce.

Kamfani yakan ƙi biya saboda abu uku: an sabunta haya an manta da takardar, mai gida ya wuce kwanakin da aka ƙayyade kafin ya kai rahoto, ko an mayar da ɗakin shago ko an sa wani a ciki ba da sanin kamfani ba. Mai gida kada ya kira birkila kafin wakilin kamfanin ya duba.

Inda ba a samu kamfani ba, lamunin mutum ya wadatar, muddin an rubuta iyakar abin da ya ɗauka, ya sa hannu gaban shaidu biyu.