Yadda Ake Daidaita Karkatar Zane Idan Za a Ɗora Shi a Kan Hoto

Mai shago a Sabon Gari ko Tudun Wada yakan so ya ga yadda allon tallarsa zai zauna a jikin bango kafin ya biya kuɗin bugawa, sai ya turo hoton shagon ta waya a ɗora masa zanen. Da wuya a ɗauki irin wannan hoto ana fuskantar bangon kai tsaye. Yawanci daga gefen titi ake ɗauka, shi ya sa ɓangaren bangon da ke kusa yake fin na nesa tsawo, kuma idan aka manna allon a miƙe yadda aka zana shi, ko yaro zai gane haɗi ne.

Kafin ka taɓa allon, fara da hoton shagon. A manhajar gyaran hoto, buɗe sabuwar leya (wato shimfiɗa ta daban a saman hoton), ka ja layi bisa saman ƙofa, wani kuma bisa bakin dakali, ka miƙa su har su haɗu, ko da a wajen hoton ne. Duk layin da ke kwance a jikin wannan bango can ya nufa, saboda haka saman allonka da ƙasansa su ma can za su nufa. A cikin birnin Zariya sai an yi hattara, domin katangar ƙasa da hannu aka yaɓe ta, ba ta miƙewa sak. Gara a ɗauki layi daga ƙofar ƙarfe, ko taga, ko bakin rufin kwano.

A Photoshop, mayar da allon Smart Object tukuna don kada ingancinsa ya lalace, sannan ka danna Ctrl+T, ka riƙe Ctrl, ka ja kusurwoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya har su hau layukan. Akwai kuma Vanishing Point, kayan aikin daidaita karkata wanda aka ƙara tun Photoshop CS2 a 2005, amma a ganina allo guda bai kai a nemi taimakonsa ba. Mai amfani da manhajar GIMP, wadda kyauta ce, sai ya danna Shift+P don jan kusurwoyin.

Inda aka fi yin kuskure shi ne faɗi. Mutum yakan daidaita sama da ƙasa, ya bar allon da faɗinsa na asali, alhali bangon da ya karkace tsukewa yake yi. Ka auna da ƙofar shagon: idan an ce faɗin allon ya ninka nata biyu, to ya ninka a wurin da take, ba a can nesa ba.

Saura haske. Duba inda inuwar rumfa ta faɗi, ka yi wa allon siririyar inuwa ta wannan gefen, ka ɗan rage masa kaifi da ƙarfin launi, musamman idan an ɗauki hoton cikin hazon hunturu.