Yadda Ake Tara Lambobin Yaƙi da na Sarauta a Sudan, da Yadda Ake Karanta Su

A gidajen Hausawa da dama na Umdurman, Gadarif da Mai Wurno, akan buɗe tsohon akwatin kaka a tarar da wata lambar ƙarfe a naɗe cikin tsumma, wadda mutanen gida ke kira nishan amma ba wanda ya san dalilin da ya sa aka ba da ita. Wanda ke son shiga harkar tara irin waɗannan lambobi ya fara da sanin cewa kowace ɗaya takardar shaida ce da aka buga a kan ƙarfe, kuma darajarta tana cikin abin da za a iya karantawa a jikinta fiye da nauyin azurfar da ke cikinta.

Matakin farko shi ne ka zaɓi fage ɗaya ka tsaya a kansa, domin mai sayen duk abin da ya gani yakan ƙare da tarkace. Ga mazaunin Sudan, fagen da ya fi kusa shi ne yaƙe-yaƙen zamanin Mahadiyya da shekarun mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar. Akwai lambar Masar ta 1882 zuwa 1889, mai siffar Abul Haul, gunkin nan na Masar mai kan mutum da jikin zaki, a bayanta da ƙyalle mai ratsin shuɗi da fari, wadda akan haɗa da tauraron tagulla na Khidiwi, wato mai sarautar Masar a wancan zamani. Akwai lambar Sudan ta Sarauniya Biktoriya, da aka ba waɗanda suka yi yaƙin sake kama ƙasar daga 1896 zuwa 1898, mai ƙyalle rabi rawaya rabi baƙi da siririn jan layi a tsakiya. Sai lambobin Sudan na Khidiwi guda biyu, ta farko mai ɗauke da shekarar 1314 ta Hijira, ta biyu kuma ta 1910. Wanda ya fi sha'awar lambobin sarauta yana iya bin na naɗin Sarki George na shida a 1937 da na Sarauniya Elizabeth a 1953, amma ya bambanta wadda gwamnati ta ba mutum don ya rataya a ƙirji da wadda 'yan kasuwa suka buga don tunawa kawai, domin ta biyun tana da yawa kuma ba ta da tsada.

Bayan zaɓen fage sai koyon karatu, kuma a nan Bahaushen Sudan yana da fifiko a kan Baturen da ya daɗe a harkar, saboda yana karanta Larabci. A fuskar lambar Khidiwi ta farko za ka ga sunan Khidiwi Abbas Hilmi na biyu a rubuce cikin salon ado, ƙyallenta kuma rawaya ne da shuɗi a tsakiya, alamar hamada da kogin Nilu. Idan kana son mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya, ka ninka ta da 0.97 sannan ka ƙara 622, sai 1314 ta ba ka 1896. Daga nan ka dubi 'yan sandunan ƙarfen da ke jere a kan ƙyallen, domin kowace ɗaya tana ɗauke da sunan yaƙin da mai lambar ya halarta. Firka ta Yunin 1896 ce, Atbara ta 8 ga Afrilun 1898, wadda aka rubuta wa Khartoum kuwa tana nufin yaƙin Karari na 2 ga Satumban 1898, ranar da rundunar Kitchener, kwamandan sojojin Ingila da Masar, ta karya mayaƙan Khalifa Abdullahi, magajin Mahadi. A kan lambar 1910 kuma akwai sandar Darfur 1916, shekarar da aka kashe Sarki Ali Dinar.

Ya kamata a faɗa a fili cewa waɗanda suka ci yaƙi ne suka buga waɗannan lambobi, kuma Ansaru, wato mabiyan Mahadi, da suka kwanta dama a Karari ba a buga musu ko ɗaya ba. Haka ma lambar hidimar Afirka ta Ingila, wadda aka ƙirƙira a 1902, tana da sanda ta yaƙin Kano da Sakkwato na 1903, yaƙin da ya ƙare a Burmi da kisan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran masu hijira har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Jikan waɗannan mutane da ya riƙe irin wannan lamba yana riƙe da rabin labarin gidansu ne, ɗaya rabin kuma yana bakin tsofaffi, don haka a ganina duk mai tarawa ya riƙa rubuta ɓangarorin biyu.

Mataki na uku, wanda ya fi cin lokaci, shi ne tantance ta gaske da ta jabu. Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma irin na maƙeran zinariya, ƙaramin sikeli, ma'aunin faɗi, da maganaɗisu. Azurfa da tagulla ba sa kama maganaɗisu, saboda haka duk wadda ta manne ka ajiye ta. Lambar gaske bugu aka yi mata da ƙarfin inji, shi ya sa haruffanta suke da kaifi, alhali ta jabu yawanci zubi ce, za ka ga ƙananan ramuka kamar cizon ƙuraje a fuskarta da wani siririn layi a gefe inda ɓangarorin mazubin suka haɗu. Lambar Sudan ta Sarauniya Biktoriya faɗinta milimita 36 ne, ta Khidiwi ta farko kuwa ta ɗan fi ta, kuma zubi yakan fito ƙasa da ma'auninsa. Sannan ka juya gefen lambar a ƙarƙashin haske, inda ake zana lambar soja da sunansa da rundunarsa. Idan gefen ya sirance a wuri ɗaya, an goge wani suna ne an zana sabo. Rashin suna kuwa ba aibi ba ne, tunda lambobin Khidiwi da yawa haka aka raba su, wasu na sojojin Masar da Sudan kuma da Larabci aka yi musu alama.

Akwai tabon da ke zama shaida. Lambar Masar takan zo da 'yan sare-sare a fuskarta, saboda tsinin tauraron Khidiwi da ke rataye kusa da ita yana dukanta duk lokacin da sojan ya yi tafiya. Akwai kuma lamba ɗaya da ta saɓa wa ƙa'idar zubi, wato tauraron da Janar Gordon na Ingila ya sa aka zuba a Khartoum a 1884 lokacin da mayaƙan Mahadi suka kewaye garin, wanda na ainihinsa ma zubi ne mai kaushi. Wannan ya sa jabunsa ya yi yawa, kuma sabon shiga ya fi kyau ya bar shi sai ya ƙware.

Idan an samu suna sai a bi sawunsa. Rajistar waɗanda aka ba lambobin Ingila tana ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew a Landan, jami'ar Durham kuma tana da babbar taskar takardu da hotunan Sudan, kuma ana iya duba jerin abin da suke da shi ta intanet. A gwada sunan da rundunar da sandunan, domin idan rundunar mutumin ba ta je Atbara ba amma sandar Atbara tana kan ƙyallensa, wani ne ya ƙara ta don farashi ya tashi.

Wajen saye a yi hattara sosai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 an wawashe gidaje da gidajen tarihi a Khartoum da wasu garuruwa, don haka duk mai sayarwar da ya kasa faɗin inda ya samo kayansa a bar masa abinsa, komai arha. Kada kuma a raba lambobin mutum ɗaya a sayar da su ɗai-ɗai, kuma kafin a fitar da tsohon abu daga ƙasa a nemi izinin hukumar kayan tarihi.

Ajiya ba ta da wuya, sai dai a nan ne aka fi yin ɓarna. Kada a goge lamba da toka, lemun tsami ko man goge ƙarfe, domin baƙin tsufan da ke jikinta yana cikin shaidarta, gogewa kuma tana cinye haruffa. A kama ta ta gefe da busasshen hannu, a share ƙurar guguwar habub da tattausan burushi, a sa kowace ɗaya cikin ambulan takarda daban, nesa da rana da laimar damina. Tsohon ƙyalle ko ya kode kada a yar da shi. A jikin ambulan a rubuta faɗi da nauyi da abin da ke gefe harafi da harafi, da ranar da aka samo ta da hannun da ta fito, sannan a ɗauki hoton fuska da baya da gefe a ajiye kwafinsa wajen wani ɗan'uwa a wani gari.